Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

"Kwanta. Fuska a ƙasa, hannu a ƙeya."

Mai gadin da gwamnati ta ajiye mana a bakin sito bai ko haɗiye gahawar da ke bakinsa ba. Sanyin bindiga ya ji a bayan kunne, ya zube. Suka ɗaure shi tamau, suka cusa masa hularsa a baki, suka zare makulli daga ɗamararsa. Su huɗu ne, kowa ya zura kansa a buhun fulawa mai huda biyu. Babbar motarsu na tsaye a fili, injin na tari.

"Saura kwaɗo ɗaya," in ji ogansu. "Kai ɗan gida, ina naka makullin?"

Na huɗunsu ya shiga laluben aljihu.

Safiyar Lahadi ce, tsakiyar sanyi, kogin Monongahela ya daskare tun daga wannan gaɓa har waccan. Duk garin na coci, har da ni, ina zaune ina rera waƙa kamar sakarya. Ni ce Hulda Wendel. Siton na ubana ne, Elias Wendel. Mai laluben aljihun nan kuma ƙanena ne, Ruben, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba na wurin, amma na ji komai daga bakin Baba, da bakin direbansu a kotu, da bakin Ruben ɗin kansa. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafarfasa.

Mu a gidanmu ba mu san wata sana'a ba sai wiskin hatsin rai. Kakan Baba ne ya kafa tukunyar tagulla a bakin kogin nan, ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa Baba. A dafa, a tace, a zuba a gangar katako da aka babbake cikinta, a kwantar a sito a manta da ita shekara da shekaru har ruwan ya yi ja. Siton na jan bulo ne, dogo, da bututun tururi zagaye da bangonsa, don Baba ya ce wiskin da ya ji sanyi barci yake yi, ba ya nuna. Saboda ɗumin nan, iskar ciki kullum a cike take da tururin giya. Tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa tun zamanin kakanni doka ɗaya ce a ƙofar: ba ashana, ba taba, ba takalmi mai ƙusa. Duk wanda ya zo, ya kwance takalmi, ya jera a jikin bango, ya shiga da safa. Fasto ya cire. Jami'in haraji ya cire yana ƙunƙuni. Ruben kuwa mari ɗaya ya taɓa sha a ƙofar nan yana ƙarami, kuma marin ya ishe shi har girma.

Sai dokar hana giya ta zo. Aka rufe tukunya, aka sallami ma'aikata, aka ƙara kwaɗon gwamnati a kan na Baba. Ruben da aka rena don ya gaji tukunya ya koma haƙar kwal a rami, yana dawowa baƙi ƙirin, yana tari. Bai ce komai ba sai ranar da labari ya zo cewa za a kwashe gangunan duka zuwa wani babban sito a birni, a ɗura su a kwalabe a matsayin magani, da sunan wani kamfani.

"Baba, zuba ido za ka yi su kwashe?" ya tambaya muna cin abinci.

"Doka ce."

"Doka ce ta dafa shi? Na ƙarshen nan da hannuna na dafa. Za a sa masa sunan wani ƙato da bai taɓa jin ƙanshin hatsi ba, kai kuma kana nan kana hura musu wuta kyauta."

"Ci abincinka, Ruben."

"Kai dai tsoro ne da kai."

Baba ya ajiye cokali. "Wendel bai taɓa sata ba, ko da kayansa ne. In ka gama, ƙofa na can."

Ruben ya tashi ya fita, matarsa Lena ta bi shi da 'yarsu a hannu. Ni na kwashe kwanukan. Da uban da ɗan duk kansu dutse ne, ni ce kullum a tsakiya ina niƙuwa.

Stanko, abokin aikin Ruben a rami, shi ya kai shi wurin Dolan, wani ɗan fasa-ƙwaurin giya. Ranar Juma'a da rana suka haɗu a bayan shagon wani mahauci a Pittsburgh, cikin ƙarnin nama. Dolan ɗan kwalisa ne, farar hula, zobe a yatsa, sigari a baki. Kusa da shi ga wani ƙato mai suna Bruno yana sakace da wuƙa.

"To baƙauye, Stanko ya ce kana da kaya."

"Ba kaya ba ne, wiski ne. Irin wanda ba ka taɓa ɗanɗanawa ba."

"Ji shi. Ni ko ruwan wanki ne, in dai zai bugar, zan sayar."

"Rabi naka, rabi nawa. Nawa ba na sayarwa ba ne. Ɓoye shi zan yi har ranar da dokar nan za ta faɗi, ya fito da sunanmu."

Dolan ya kalli Bruno, suka bushe da dariya. "Ɓarawo mai kishin suna. Yau na ga abu. To, na ji. Sai me?"

"Sharaɗi biyu. Ba a harbi a cikin siton. Ba a taɓa tsohona."

"Tsohon naka ina zai kasance?"

"Coci. Ba ya fashin Lahadi."

"Ka ga an gama magana ke nan, mutumina."

Kai Ruben, kai Ruben. Ka manta ne, ko ba ka so ka tuna? Lahadi ɗaya ce tak Baba ke fashin coci: wadda kogi ya daskare. Ranar ba ya yarda da hannun kowa, da kansa yake tsayawa a ɗakin injin tururi yana zuba kwal don kada gangunansa su ji sanyi. Ranar Juma'a kogin na gudu. Kafin wayewar garin Lahadi ya zama dutse.

Kwaɗo na biyu ya buɗe ke nan sai ƙofar ɗakin injin ta yi ƙara. Baba ya fito, shebur a hannu, gemunsa duk toka.

"Su wane ne nan? Me kuke nema?"

Bruno ya yi kansa. Baba ya kai masa shebur a kafaɗa — kau! — amma tsoho tsoho ne. Bruno ya murɗe masa hannu, ya durƙusar da shi cikin dusar ƙanƙara dab da ƙofar, ya ɗaure shi ta baya.

"Wannan ne mai zuwa cocin?" Dolan ya tambayi na huɗun.

Na huɗun bai ce uffan ba. In ya yi magana, an gane murya.

"Ba komai. Fuskarka a rufe take. A buɗe, a yi sauri."

Aka ture ƙofar ƙarfen. Ɗumi ya buso, da ƙanshin da na tashi a cikinsa, na katako da zuma da yaji. Dolan ya jefar da sigarin da ke hannunsa ya shige. Bruno ya bi shi. Stanko ya koma ya juyo da mota. Na huɗun ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, ya sunkuya. Ya kwance igiyar takalmin dama. Ya kwance ta hagu. Ya cusa igiyoyin ciki, ya jera takalman a jikin bango, hancinsu na kallon waje, sannan ya shiga da safa.

Ya gaya mini daga baya wai bai ma san ya yi ba. Na yarda da shi. Hali zanen dutse.

Baba na durƙushe, idonsa a kan takalman. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗaga kai.

"Ruben."

A hankali ya faɗa, amma a siton nan ko ɗigon ruwa ana ji. Dolan ya tsaya cak. Ya waiwayo ya kalli tsohon, ya kalli ƙafafun da ke cikin safa, ya girgiza kai.

"Ɗan iska. Fashi muka zo ko ziyarar surukai?"

"Mu ɗauki kayan mu tafi," in ji Ruben. Ba sauran abin ɓoyewa.

"Shigo da tsohon ciki, Bruno, kada wani ya hango shi daga hanya."

Aka jefa Baba a gindin ganguna. Aka sa katako biyu daga ƙofa zuwa bayan mota. Ruben na mirginowa, Bruno na turawa sama, Stanko na tarba. Ba wanda ke magana sai Baba, shi kuwa bai yi shiru ba ko na minti ɗaya.

"Cire buhun nan in ga fuskarka. Ba za ka iya ba? Uwarka ta mutu da wuri, Allah ya rufa mata asiri. Waɗannan ne abokan naka? Wannan mai warin man gashin? Kai, juya matoshin ya kalli sama, ɗan banza. In satar ma za ka yi, yi ta daidai, kada ka zubar mini da shi a hanya."

Ruben ya juya gangar, matoshi ya kalli sama. Bruno ya tuntsire da dariya.

"Oga, ka ji tsoho, ana yi masa fashi yana ba da darasi."

"Bar shi ya ƙarasa," in ji Dolan. "Darasin ƙarshe ne."

Mota ta cika. Ruben ya ɗebo guntayen katakon da ake tokare ganguna da su don kada su mirgina a hanya, zai fita da su, sai ya ga Dolan ya zaro bindiga ya nufi inda Baba yake. Ya zubar da katakon.

"Me za ka yi?"

"Tsohon ya san suna. Suna ɗaya ke jawo sauran."

"Mun yi sharaɗi."

"Mun yi sharaɗi da mai rufaffiyar fuska. Kai ka tona kanka da takalminka, ba ni ba. Matsa."

"Ba zai faɗa ba. Ubana ne."

"Zan faɗa," in ji Baba daga ƙasa, yana kallon ɗansa. "Da sunanka zan fara."

Kun ji irin uban da Allah ya ba mu. Bindiga na kallon goshinsa, ba zai iya yin ƙarya ta minti ɗaya ba don ya ceci kansa da ɗansa.

"Ka ji da kunnenka," in ji Dolan.

"Dolan, ko me za ka yi, ba a nan ciki ba. Iskar nan—"

Dolan ya ɗaga hannu. Ruben ya daka tsalle ya doke hannun. Tau! Harsashi ya huda ganga a sama, wiski ya feso kamar an yanka jijiya, ya jiƙe su, ya malale a ƙasa. Suka kama kokawa. Dolan ya sake ja — tau! — sai iskar kanta ta kama.

Wutar wiski ba irin wutar itace ba ce. Shuɗiya ce, da ƙyar ake ganinta, gudu take yi a ƙasa. Dolan ya kwaɗa wa Ruben gindin bindiga a ka, ya fita a guje yana kakkaɓe hannun rigarsa. Ya ja ƙofar ƙarfen. Ya maƙala kwaɗo. Ya danna.

"Oga, Ruben fa?" Stanko ya leƙo daga mota.

"Ya zaɓi ubansa. Ja mu ware."

"Amma yana ciki—"

Dolan ya ɗora masa bakin bindiga a kunci. "Kana so ka bi shi? Ja!"

Stanko ya ja. Dolan da Bruno suka ɗale baya, suka tsaya a bakin motar, ganguna jere a gabansu ba ko tokari ɗaya.

A coci kuwa muna tsakiyar addu'a. Ƙanshin ne ya fara isowa. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ƙanshin, amma ba mu taɓa jin sa da ƙauri ba. Tobias Kern, shugaban 'yan sandan gundumarmu, abokin Baba tun suna yara, yana zaune a gabana. Ya ɗaga hanci, ya waiwayo ya kalle ni.

"Hulda, ina Elias?"

"Yana ɗakin inji. Kogi ya daskare."

Sai muka ji wani dum da ya girgiza tagogi. Ba wanda ya jira amin. Na tattare siket na runtuma, Kern da mutanensa biyu suka faɗa motarsu. A mararrabar hanya suka yi kaciɓis da babbar mota ta fito daga filinmu a guje. Kern ya leƙo ya yi mini ihu in tara mutane a kai guga, shi kuma ya karya kan mota ya bi sawunta.

Guga. Wa ke kashe wutar wiski da guga?

A ciki, Ruben ya farfaɗo buhun kansa na ci. Ya fizge shi ya yar. Ya rarrafa ƙofa, ya jijjiga, a rufe. Ya dawo wurin Baba, ya kasa kwance igiyar, sai ya saɓa shi a baya yadda yake a ɗaure.

"Sauke ni," in ji Baba.

"Yi shiru, Baba."

"Na ce sauke ni. Ba na son ceton ɓarawo."

"Ka zage ni a waje. Ƙofar kogi za mu bi."

Akwai wata 'yar ƙofa a can ƙarshen siton, ta katako, da sakata daga ciki, inda a da ake mirgina ganguna zuwa jirgin ruwa. Tsakaninsu da ita tsawon siton ne gaba ɗaya. Ganguna na fashewa a sama, wiski na zubowa yana ci, ƙasa duk ta zama tafkin wuta har idon sawu. Da takalmansa na rami ne a ƙafarsa, masu kaurin fata, da wataƙila yau shi ke ba ku labarin nan. Amma takalman na waje a jere, hancinsu na kallon hanya. Safar ulu ce a ƙafarsa, ta sha wiski ta ƙoshi. Da ita ya taka.

Baba ya ce bai ji ya yi kuka ba. Numfashi kawai yake yi kamar dokin noma.

A bakin kogi na same su. Baba na kwance a ɗaure, girarsa ta ƙone, lafiyarsa ƙalau. Ruben na zaune cikin dusar ƙanƙara ya tura ƙafafunsa ciki, tururi na tashi. Ba zan faɗi yadda suke ba. Ya ɗago ya gan ni.

"Yaya, kwance shi. Hannuna ya ƙi."

Na ga Baba a ɗaure, na ga sauran buhun fulawa maƙale a wuyan ƙanena, na gane. Na cire guntun buhun na cusa a aljihuna kafin mutane su iso.

A hanyar dutse kuma ana ta ɓarin wuta. Hanyar na hawa ne tana karkacewa, hagu dutse, dama kwazazzabo. Kern na biye. Dolan da Bruno na tsaye a bakin motar ta baya suna harbi, gilashin motar Kern ya tarwatse, ɗan sandansa ɗaya ya dafe kafaɗa.

"Taka, Stanko! Taka, shege!" Dolan na dukan jikin mota.

Stanko ya gaya wa kotu cewa tun daga filinmu yake jin gangunan na motsi a bayansa, suna gurnani. Ya san ba a tokare su ba, don mai tokarewar na cikin wuta. Ya ce fuskar Ruben kawai yake gani, ranar da rami ya rufta, Ruben ya tono shi da hannu. Da suka zo inda hawan ya fi tsayi, sai ya taka burki da ƙarfi. Ganguna suka ruga gaba. Ya saki, ya taka mai har ƙasa. Ganguna suka dawo baya gaba ɗaya.

Bruno ya yi tsalle ya faɗa kwazazzabo, sai da ƙanƙara ta narke aka tsinci gawarsa. Dolan bai samu damar tsalle ba. Ganga ta farko ta fitar da shi kan titi, sauran suka bi ta kansa. Da Kern ya iso, farar hular Dolan na yawo a cikin jan wiski. Stanko ya kashe mota, ya sauko, ya miƙa hannuwansa.

"Ku huɗu ne," in ji Kern. "Ina na huɗun?"

"Ban san shi ba. Fuskarsa a buhu take. Ya gudu."

Siton ya kwana biyu yana ci. Wiskin Wendel na kakanni ya gangara kogi yana wuta, ya narkar da ƙanƙara, kifi suka taso matattu. Ruben ma kwana biyun ya yi, a kan gadon ɗakina, likita na zuwa yana girgiza kai. A cikinsu ne ya gaya mini komai, a guntu-guntu. Na zage shi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa wawa, na ce masa mahaukaci, ina goge masa goshi ina zagi. Ya ce, "Yaya, Baba ya tambaye ni?" Na ce e. Ƙarya nake yi. Baba na zaune a kicin bai ko leƙo ba. Da asubar Talata Ruben ya cika, hannunsa cikin na Lena.

Da hantsi Kern ya zo. Ya cire hula, ya zauna a teburin kicin, ya ajiye takalman a gaban Baba. Zafi ya ɗan murɗe fatarsu, amma suna nan.

"Elias, na samu waɗannan a bakin ƙofar siton. Ga yadda na fahimci abin, ka gyara mini in na yi kuskure. Ruben na hanyar coci, ya hango hayaƙi, ya rugo. Ya cire takalmi yadda kuka saba, ya shiga ya fito da ubansa. Na huɗun ɓarayin kuma ya gudu, ba a san shi ba. Direban haka ya ce. Mai gadi bai ga fuskar kowa ba. Haka ne, ko?"

Lena na tsaye a bakin ƙofa da 'yarta. Ni ina bayan Kern, ina kallon Baba, ina roƙonsa da ido. Kalma ɗaya ce. E. Da ya faɗe ta, an binne Ruben kusa da uwarmu, garin duka na biye da akwatinsa. Da yarinyar nan ta tashi a matsayin 'yar jarumi. Ba wanda zai cutu. Mutumin ya riga ya biya da ƙafafunsa da ransa.

"Baba," na ce. "Haka ne. Faɗa masa haka ne."

Baba ya jawo takalmi ɗaya, ya zaro igiyar daga ciki.

"Tobias, kalli wannan. A kwance take, an naɗe ta an cusa. Wanda ya rugo ceton ubansa daga wuta ba ya tsayawa naɗe igiya. Kuma kwaɗon a danne ka same shi daga waje, ka sani. Da su ya zo. Shi ya buɗe musu. Rubuta haka."

"Elias, ba wanda ya tambaye ka wannan."

"Ni na faɗa."

Lena ta sulale ƙasa. Ni kuwa na ɗauki kwanon da ke hannuna na maka shi da bango.

"A bayansa ya ɗauko ka! A bayansa, cikin wuta, kana zaginsa. Dokarka ta takalmi ce ta tona shi, ita ta ƙone shi, yanzu kuma gawar ma ba za ka bar ta ta huta ba? Wane irin uba ne kai?"

Bai kalle ni ba. Kern ya miƙe a sanyaye, ya sa hula. Ya kai ƙofa sai Baba ya sake magana.

"Tobias. Ka kuma rubuta cewa a cikin su huɗu, shi kaɗai ya cire takalmi."

Ga abin da fashin ya ci. Dolan da Bruno sun mutu, Allah ya ƙara nauyin ƙasa. Stanko ya tsufa a kurkuku. Lena ta kwashe 'yarta ta koma danginta a Ohio, ta sauya wa yarinyar suna, ban sake ganinsu ba. Gwamnati ba ta samu ganga ko ɗaya ba, mu ma haka. Da dokar ta faɗi bayan shekaru, ba sauran Wendel da zai hura tukunya. Ruben kuwa, dattawan coci suka ce ba a sa ɗan fashi a cikin dangi, sai aka haƙa masa a can gefe, jikin shinge.

Mu shida ne a jana'izar, har da masu haƙa. Na rantse ba zan tsaya kusa da Baba ba, na koma ɗaya gefen ramin. Ya zo a makare, yana tafe a hankali, takalman Ruben a hannunsa. Ya ajiye su a jikin shinge, hancinsu na kallon waje. Sai ya sunkuya, da ƙyar, ya kwance nasa. Ya naɗe igiyoyin ya cusa, ya jera su kusa da na ɗansa. Ya tako cikin dusar ƙanƙara da safa har bakin kabarin, ya tsaya. Fasto ya yi ta jan addu'a, Baba bai motsa ba har aka gama rufewa, ƙafafunsa sun yi shuɗi.

Ban yafe masa ba, har ya mutu ban yafe ba. Amma da muka koma gida na ɗora ruwa a wuta, na zuba a baho, na durƙusa na cire masa jiƙaƙƙiyar safar. Ina wanke ƙafafun yana kuka, ni kuma ina ce masa ya yi mini shiru.